Ku Tambaya Mu Amsa: Na jona kwamfuta da tibi amma rubutu ya ƙi karantuwa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni uku na ware don duk ciwo ɗaya ke damunsu, kuma ciwo ne da ya yi yawa yanzu tunda kusan kowane gida akwai tibin bango a falo, monita kuwa sai an ware mata kuɗi na musamman.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne na yi ritaya, yanzu ni ke buga wa islamiyyar unguwarmu takardun jarabawa da sunayen ɗalibai. Sikirin ɗin laftof ɗina ne ya fashe, kuɗin canjawa kuma sai a hankali, shi ne yarona ya sayo waya ya jona min ita da tibin falo mai inci 32. Hoto ya fito amma rubutun dishi-dishi yake kamar takardar da ruwa ya taɓa, ga shi ƙanana, ko k da ƙ ba na iya bambancewa, in na yi minti ashirin sai ido ya fara min ruwa. Yaron ya ce tibin ce ba ta da kyau sai an sayi wata. Dan Allah akwai dabara? Daga wani dattijo a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma ya saka da alheri kan wannan hidima. Kar a sayi komai tukuna. Abin da ka lissafo cuta biyu ce ba ɗaya ba, ƙanƙantar rubutu daban, dishi-dishinsa daban, kuma maganinsu ba wuri ɗaya yake ba. Ƙanƙanta a cikin kwamfuta ake gyara ta, dishi-dishi kuwa yawancinsa a rimot ɗin tibi yake. Inda mutane ke ɓata abin shi ne su haɗa su, su je su rage rezolushan, wato yawan ɗigon hoto da kwamfuta ke aika wa allo, don rubutu ya yi girma, toh zai yi girman amma sai ya ƙara dagulewa, an gudu ba a tsira ba kenan.

Bari in ɗan yi bayanin dalili don in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Fuskar tibi da ta kwamfuta duk ƙananan ɗigo-ɗigo ne jere kamar idon tabarma, su ake kira fiksel, kuma adadinsu a ƙirge yake tun daga kamfani ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da yawa daga cikin tibi masu inci 32 da ke gidajenmu ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Wannan adadin shi ne dai a fuskar laftof da yawa masu inci 15.6. Kaga kenan ɗigon da aka matse a ƙaramin allo har kusan 100 a kowane inci, shi aka baza a faffaɗan allo ya koma kusan 49 a inci. Fim ba ya damuwa da wannan don hoto ne mai motsi kuma daga kan kujera ake kallonsa, amma harafi siririn abu ne, lanƙwasar da ke kan ƙ ko ɗ ɗigo biyu ne ko uku kacal, da an ɗan murje su shikenan ta ɓace.

Sannan irin waɗannan tibin suna da wani hali, suna gaya wa kwamfuta cewa suna karɓar 1920 da 1080, kuma da gaske suna karɓa, amma sai su matse hoton ya shiga cikin 1366 ɗinsu. Ɗigo sama da miliyan biyu ana cusa su a gurbin miliyan ɗaya, dole rubutu ya fito ƙanana kuma a murje. Ina kyautata zaton abin da ya same ka kenan Baba.

Ga yadda za a yi, a sa yaron ya zauna kusa. Da farko ku danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu zai fito a gefe, ku ɗauki na ƙarshe wanda aka rubuta Second screen only. Tunda fuskar laftof ɗin ta riga ta fashe ba amfanin kwamfuta ta riƙa raba hankali tana neman girman da zai dace da allo biyu a lokaci guda, a bar ta ta fuskanci tibin kawai. Daga nan ku duba kwalin tibin ko takardarta in suna nan, in Full HD aka rubuta toh 1920 da 1080 ce, in kuwa HD kawai ko HD Ready aka sa yawanci 1366 da 768 ce. Sai ku danna maus ta dama a fili kan fuskar kwamfuta, ku shiga Display settings, a wajen Display resolution ku zaɓi ainihin lambar tibin. Wani lokaci 1360 da 768 za ku gani a madadin 1366, ita ce ku ɗauka. In babu kwali babu takarda ku buɗe wata takarda da ka buga ku gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, ido zai gaya muku wadda harafi ya fi tsayawa cak a cikinta.

Yanzu sai rimot, kuma nan ne na fi so a natsu. Ku shiga saitin hoto ku nemo Sharpness. Sunan yana yaudarar mutane sosai, kowa gani yake in ya ƙara shi rubutu zai ƙara fitowa, alhali abin da yake yi shi ne ya zana wani farin layi a gefen duk wani abu mai duhu. Kwanaki na shiga wani shagon buga takardu na tarar da wata yarinya tana aiki da tibi a matsayin monita, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin tana share hawaye da gefen hijabi, da na duba sai na ga kowane harafi an zagaye shi da fari kamar an bi shi da alli. Muka karɓi rimot muka yi ta rage shi tana kallo, farin nan yana janyewa a hankali har baƙin rubutun ya zauna sumul, ta ja kujera baya da kanta ba wanda ya ce mata. Wallahi abin ya tsaya min a rai don wata da watanni take a haka. Toh ku rage shi sosai, a wasu tibin sai an kai sifili, a wasu kuma sifili yana sa hoto ya yi laushi da yawa sai a ɗan ɗago, ku tsaya daidai inda farin ya ɓace.

Bayan haka in tibin tana da yanayin hoto mai suna PC ko Game ku sa ta a kai, ku fita daga Dynamic ko Vivid ɗin nan da ake saka su a shago don ɗaukar ido. A Samsung da LG akwai wata dabara, in ka je jerin kafofin shiga ka canja wa ramin HDMI ɗin da ka jona suna ya koma PC, tibin da kanta za ta daina yawancin kwalliyar da take wa hoto. Kuma ku leƙa bayanta, in akwai ramin da aka rubuta wa HDMI/DVI ko PC a gefe, can za ku soka wayar. Ku rage hasken baya ma, wanda ake rubutawa Backlight, don tibi an yi ta ne ta haska falo guda, farar takardar Word a wannan hasken kamar kallon fitilar mota ne.

Sai an gama duk wannan sannan a zo kan girma. A wurin nan dai na Display settings akwai Scale, a ɗaga shi daga 100 zuwa 125, in ta ba da dama har 150. Wannan yana ƙara girman komai, rubutu da 'yan tamburan manhajoji da maɓallai, ba tare da an taɓa adadin ɗigon ba, shi ya sa ba ya kawo dishi-dishi. A cikin Word kuma can ƙasa ta hannun dama akwai ɗan layin da ake ja, ka kai shi 150 ko sama, ba ya canja girman abin da zai fito a firinta ko kaɗan, idonka kawai yake taimaka wa. A ƙarshe ku rubuta ClearType a wurin bincike na Windows, zai nuna maka samfuran rubutu kamar yadda likitan ido ke yi yana tambaya wanne ya fi, kai za ka zaɓa da idonka Baba, kar yaron ya zaɓar maka.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, in tibin mai 1366 ce ba za ta taɓa yin kyan monita ba duk abin da aka yi, amma za ta karantu, musamman in ka ba ta tazara kamar mita ɗaya ko fiye maimakon ka manne mata. In kuma idon yana ruwa ko da littafi kake karantawa toh a daure a je a auna shi.

TAMBAYA: Malam ni malama ce, makarantarmu ta sa mana tibi inci 43 a aji ina jona laftof ina nuna wa yara darasi. Matsalar gefe-gefen hoton duk ya shige ciki, layin ƙasan nan mai agogo rabinsa kawai ake gani, kuma 'yan baya ba sa ganin wasalin Larabci. Daga wata malama a Zinder.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Wannan yankewar gado ce daga zamanin tibi mai ƙeya, lokacin gefen hoto yakan zo da datti sai aka saba faɗaɗa shi kaɗan a tura gefen waje, kuma har yau tibi da yawa suna zuwa da wannan ɗabi'ar a kunne. A rimot za ki kashe ta, wajen girman hoto. Samsung suna kiranta Screen Fit ko Fit to Screen, LG suna cewa Just Scan, Sony kuma Full Pixel, wasu kamfanonin kai tsaye za ki ga Overscan sai ki kashe. Da kin yi agogon zai dawo, kuma za ki lura rubutun ma ya ƙara fitowa don an daina jan hoton.

Maganar 'yan baya kuwa, ki danna Windows da P ki zaɓi Extend, sai ki shiga Display settings ki taɓa akwatin da ke wakiltar tibin ki ba shi nasa Scale ɗin daban, 175 ko 200, laftof ɗinki na nan yadda kika saba. In a burauza kike nuna abu ki riƙe Ctrl ki danna alamar tarawa har ya ishe ki, Ctrl da sifili ya mayar da shi. In aya ɗaya kike so su ga fataha da kisira da kyau, Windows da alamar tarawa yana kunna madubin ƙara girma, Windows da Esc ya kashe shi. Amma shawarata ta gaske ki je ki tsaya a bencin ƙarshe da kanki kafin yara su shigo, abin da ba ki karanta daga can ba su ma ba za su karanta ba, gara layi huɗu manya a shafi da layi goma sha biyar da 'yan gaba kaɗai ke gani. Ki ƙara girman kibiyar maus ɗin ma ki canja mata launi, yana cikin Accessibility a Windows 11, a Windows 10 kuma Ease of Access, don yara su riƙa bin inda kike nunawa.

TAMBAYA: Yaya, na sayi tibin 4K mai inci 43 don aikin zane, tamburan kan fuska sun koma kamar tururuwa kuma maus yana jan ƙafa. Daga wani matashi a Kumasi.

AMSA: Ƙanina kai taka mai sauƙi ce, kuma ka yi dace don 4K, wato 3840 da 2160, a inci 43 ya kai ɗigo kusan 102 a inci, daidai da monita ta sosai. Kar ka kuskura ka sauke rezolushan, ka bar shi a nan ka sa Scale a 150, in daga nesa kake zama 200. Tamburan kuma ka taɓa fili a fuskar kwamfuta, ka riƙe Ctrl ka murza tayar maus sama, za su yi ta girma har inda kake so.

Jan ƙafar maus abu biyu ke kawo shi. Ko dai tibin tana tsayawa yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna, wannan Game ko PC zai magance, ko kuma hoton sau 30 yake sabuntawa a daƙiƙa maimakon 60. Ka duba Advanced display a cikin Display settings ka gani. In 30 ne toh ka sani tsohon ramin HDMI 1.4 iyakarsa kenan a 4K, sai 2.0 ke kai 60, kuma dole laftof ɗin da wayar da ramin tibin duk su iya. A tibin ma sai ka kunna wa ramin cikakken ƙarfinsa, Samsung suna kiran wurin Input Signal Plus ko HDMI UHD Color a tsofaffi, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour. Tunda zane kake yi ga gwajin da za ka yi bayan ka gama, ka rubuta ƙaramin jan rubutu a kan shuɗi ka matso ka duba, in gefen haruffan ya yi kamar launi ya zuba toh tibin tana rage bayanan launi ne, ka koma ka sa wa ramin suna PC ka sake dubawa. In laftof ɗin ce ba ta wuce 1.4 ba, nan kaɗai za ka sauke rezolushan, ka sa 1920 da 1080 a 60 lokacin aikin yau da kullum, ka koma 4K in za ka duba zane.