Amsa: Kare amfilifaya mai auna kwararar lantarki daga boltejin ƙasa da sifili

Ɗan'uwa, ka ce INA219 ɗinka, wato amfilifaya mai auna kwararar lantarki, yana ƙonewa duk sanda ka kashe injin. Naɗin wayar injin ne ke mayar da wuta baya, boltejin ya faɗi ƙasa da sifili, shi kuwa INA219 ba ya jure abin da ya wuce -0.3V.

Sa dayod ɗin Schottky (dayod yana barin wuta ta bi hanya ɗaya ne kawai) daga layin ƙasa, wato GND, zuwa kowace ƙafar shiga ta INA219, kan dayod ɗin mai zane yana kallon ƙafar. Sannan ka sa rizista tsakanin shant, wato ƙaramar rizistar da ake auna wuta a kanta, da kowace ƙafa don rage wutar da dayod zai sha. Amma don Allah kar ta wuce om 10, kuma biyun su zama daidai, in ba haka ba awonka zai karkace.

In sabon allo za ka haɗa, ni dai INA240 zan zaɓa a madadin INA219, yana aiki har -4V.