Abin da mai jita ke fara taɓawa kafin ya shiga waƙa

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin cewa ba ka jingine jitar nan ba. Ka ce duk makaɗin da ka gani, da ya ɗauki jita sai ya yi 'yan taɓe-taɓe kafin ya shiga waƙa, kana so ka san ko akwai abin da aka gada ake farawa da shi, ko kowa gaban kansa yake yi. Akwai abin da aka gada, sai dai ba duk abin da ka ji ana kaɗawa a farko ne ke sakin hannu ba.

Mai hankali da saiti yake farawa. Tsirkiya shida ce, daga mai kauri zuwa siririya E, A, D, G, B, E, kuma ma'aunin da aka fi bi shi ne sautin A mai girgiza sau 440 a daƙiƙa, wanda za ka samu a gaɓa ta biyar ta siririyar tsirkiya (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka gitta a wuyan jita). Ko kana da na'urar saiti a waya, ka iya yi da kunne. Danna ta shida, wato mafi kauri, a gaɓa ta biyar, ta yi daidai da ta biyar a sake, haka za ka bi su, sai a kan G ne za ka danna gaɓa ta huɗu don ka sami B. In tsirkiya ta wuce, sassauta ta ƙasa sannan ka ɗaure ka hau, don wadda aka sauko da ita daga sama takan zame ana cikin kiɗa. Bayan nan za ka ji mutum ya kama haɗin sauti na E ko na G, wato ya danne wasu tsirkiyoyi tare, ya shafa sau ɗaya ya yi shiru. Saurare yake yi, domin waɗannan biyun suna amfani da tsirkiyoyin duka shida, wadda ta kauce nan take za ta tona kanta.

Sai abin da kake tambaya a kai. Yawancin masu jita suna da wani ɗan guntun kiɗa da hannunsu ke faɗawa ba tare da sun yi niyya ba, kamar jakin da ya san hanyar gida. Wani zagayen kiɗan bulus ne, wato blues na Amurka, wani kuma ya hau gaɓa ta biyar ya yi sama ya yi ƙasa a kan sikel, wato jerin sauti, ɗin nan mai sauti biyar. Ba laifi ba ne, da shi ake jin yadda jita take a hannu, musamman in ta aro ce. Amma kada ka ɗauka ka saki hannu don ka kaɗa shi. Abin da ka riga ka haddace, yatsun da suka fi ƙarfi ne ke yin sa, masu rauni kuma suna kwance.

Ainihin sakin hannu ba shi da daɗin ji ko kaɗan. Shi ne wanda ake kira tafiyar gizo-gizo: yatsa huɗu, gaɓa huɗu a jere, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka koma tsirkiya ta gaba, har ka ƙare shidan ka dawo. Fara daga gaɓa ta biyar ko ta bakwai inda tazarar ta fi ƙanƙanta, kada ka fara daga ta farko ka miƙe hannu mai sanyi. Kan yatsa ya sauka dab da bayan ƙarfen, babban yatsa yana bayan wuyan jita, kuma yatsan da ya gama aiki kada ya tashi sama kamar zai gudu. Za ka ga yatsan zobe yana gardama, in ka ɗaga shi sai ƙaramin ya biyo shi. Halitta ce, jijiyoyin bayan hannu da ke ɗaga su a sarƙe suke da juna, sai da sannu suke koyon rabuwa. Sa na'urar ƙirga bugu a kan 60 a minti, sauti ɗaya kowane bugu. Na san za ka ce ya yi jinkiri. A jinkirin ne za ka ji ƙaramin yatsanka yana makara.

Hannun dama ma yana da nasa, kuma nan ne gadon ya fi tsufa. Mauro Giuliani, makaɗin jita ɗan Italiya, ya wallafa atisaye 120 na hannun dama a birnin Biyena a 1812, hannun hagu ba ya komai sai sauyawa tsakanin haɗin sauti biyu, C da G7, don hankalinka duka ya koma kan yatsun da ke tsinkar tsirkiya. Har yau ɗaliban jitar kilasik, wadda ake tsinka da yatsu, da su suke buɗe rana, tare da sikel ɗin da Andrés Segovia, makaɗin jita ɗan Sifen, ya tsara aka wallafa a 1953. Kai da kake kaɗawa da ɗan roba, abin da ya kamace ka shi ne ƙasa, sama, ƙasa, sama, ba tsallake, ko da ka sauya tsirkiya.

Minti goma sun ishe ka. In hannunka ya yi sanyi, murza shi ko ka sa shi a ruwan ɗumi tukuna. Kada ka fara da F ɗin nan da ake shimfiɗa manuniya a danne tsirkiya shida, bar shi sai hannu ya sake. Zafin kan yatsa ba komai, zai wuce in kanta ta fito, amma in ka ji ciwo a wuyan hannu ko yatsu suna mutuwa, ajiye jitar, in ya ƙi tafiya ka ga likita.

In ka zo hutu ka taho da ita, ina so in ga inda babban yatsanka yake zama. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.