Amsa kan kalmar "kaffir" a Afirka ta Kudu

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake hukunta mai furta "kaffir" a Afirka ta Kudu, alhali tushenta shi ne "kafir" na Larabci, wanda muka aro muka mai da shi "kafiri". Tushen ɗaya ne, amma kalmar ta daɗe da barin gidansu. Fatake Larabawa ne suka kira mutanen gabar gabashin Afirka waɗanda ba Musulmi ba da ita, Turawan Fotugal suka tsince ta a bakinsu, daga nan ta koma hannun 'yan Holan da Ingilishi, har aka laƙaba wa wani yanki na ƙasar ƙabilar Xhosa ta Afirka ta Kudu sunan British Kaffraria a 1847. Zamanin mulkin wariyar launin fata kuwa, ba ta da sauran alaƙa da addini: baƙar fata ko fasto ne, da ita ubangidansa zai daka masa tsawa a gona.

Shi ya sa a 2018 kotu ta yanke wa wata Baturiya ɗaurin shekara uku, aka jingine ɗaya, bayan ta jefi 'yan sanda baƙaƙe da kalmar sau 48.

A ganina, daina amfani da ita a magana da sunayen wurare daidai ne. Inda nake ja da masu son a shafe ta ƙarƙaf shi ne tsofaffin takardu da taswirori, domin idan aka goge ta daga can, ɗalibin da ya buɗe su ba zai ga yadda hukuma da kanta take kiran kakanninsa ba.