Ƙanwata na gidan kaso da goyo, wace rayuwa take ciki?

Tambaya: Wata uku ke nan da aka kai ƙanwata gidan kaso a nan Maradi bayan faɗa da kishiyarta, da jaririyarta 'yar wata bakwai. Mijin ya janye jiki, mahaifinmu kuma ya hana kowa zuwa, wai ta ja mana abin kunya. Yaya mata ke rayuwa a can, kuma me zan iya yi mata?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Na daɗe ina shiga ɓangaren mata a aikina na taimakon jama'a, kuma maganata ta farko ita ce ki je ki gan ta.

A Nijar galibi ba a keɓe wa mata gidan kaso nasu daban. Ana ware masu ɓangare ne cikin babban gidan, da ƙofarsu da ɗan tsakar gida. Gari na wayewa a yi sallah, a ƙirga su, a shiga shara da wanki da ɗibar ruwa. Akwai babbar da suke ji wa magana, ita ke raba wurin shimfiɗa da sasanta rigima. Da rana za ki tarar ana kitso, wasu na saƙa, wata na koya wa 'yan'uwanta karatun Alƙur'ani. Yaron da ke cikinsu kuwa ɗan kowa ne, daga wannan baya sai wancan, uwar ta samu ta runtsa.

Abinci ne babbar damuwa. Rabon abincin gidan kaso bai wadatar mai shayarwa, shi ya sa wadda ake kawo wa kwano daga waje ta fi sauran ƙarfin jiki da na zuciya. Kuma kwanon ba nata ba ne ita kaɗai. Da shi take ciyar da wadda danginta ke nesa, can Dakoro ko Mayahi, ita kuma waccan ta riƙe mata jaririya ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Na ga mata da suka jure zafin watan Afirilu a ɗaki mai cunkoso, amma ranar ziyara, in aka gama kiran sunaye ba a kira nasu ba, sai su juya bango su yi ta kuka. Wannan kukan ya fi kome tsaya mini a rai.

Ki kai mata gero ko gari, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, sabulu, audugar mata, zannuwa, gidan sauro da kayan jaririya. Kar ki manta katin rigakafin yarinyar.

In ba a yanke mata hukunci ba tukuna, takardar izinin ziyara a wurin alƙalin da ke riƙe da shari'arta za ki nema. In babu kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi ta fannin shari'a, ki tambayi ofishinta a kotu. Ki riƙa bibiya, domin takardar da ba mai tambayarta takan daɗe a ajiye. Ƙa'idojin Bangkok kan yadda ake kula da mata fursunoni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, sun ce mace ce za ta caje mace, ba a kulle mai shayarwa ita kaɗai don horo, kuma a fifita hukuncin da ba na tsarewa ba ga mai ciki ko mai ƙaramin yaro in laifin bai yi tsanani ba. Lauya na iya kafa hujja da wannan wajen neman sakin talala.

Shi kuwa Baba, kar ki yi gardama da shi. Ki samu kawunku ko limamin unguwa ya je ya zauna da shi, ya tuna masa cewa jikarsa ma tana can ciki.