Tambaya da Amsa: Mu goma sha ɗaya ne za mu wasan ƙanƙara, ina za mu nufa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Dan Allah shawara nake nema. Muna zaune a Birmingham ni da maigida da yara uku, bana aka ce a haɗu ƴan uwa a tafi hutun wasan zamiya a kan ƙanƙara a Turai, mu goma sha ɗaya ne gaba ɗaya kuma ni aka ɗora wa neman wuri. Matsalar ita ce ƙanin maigida a garin Grenoble na Faransa ya yi karatu, shi ya ƙware sosai kuma ya kafe sai Chamonix da ke can Faransa, akwai mutum biyu da suka taɓa gwadawa sau ɗaya, sauran mu ko takalmin ba mu taɓa sawa ba, ga yara ƙanana, ga Hajiya surukata da ta zo mana daga Kano ita kam ta ce kallo kawai za ta yi. Wallahi guruf ɗin WhatsApp ɗinmu ya zama filin musu. Ina za mu je wanda kowa zai ji daɗi?

Maman yara, Birmingham

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar uwa. Kai, an ɗora miki aiki, Allah ya ba ki lada.

Kafin ma mu je maganar dutse, fara duba fasfo ɗin Hajiya. Bizar Ingila ba ta shiga da mutum Faransa ko Italiya ko Suwizalan, waɗannan bizar Schengen suke so, kuma a ƙa'ida mutum a ƙasar da yake zaune yake nemanta, wato ita da ta zo ziyara daga Kano zai yi wuya a ba ta a Landan. In ba ta da ita toh a warware wannan tukun kafin a biya ko sisi na otal.

Sai maganar ƙanin maigida. Ki gaishe shi, ki ce masa Anti ta ce Chamonix wuri ne mai tarihi, can aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kuma gwanaye daga ko'ina a duniya can suke mafarkin zuwa, amma ba wurin tafiyarku ba ne. Dalili kuwa shi ne wuraren wasan a warwatse suke a cikin kwarin, wannan a nan wancan a can, yawanci sai an hau bas tsakaninsu. Shi zai tashi da sassafe ya nufi gangarensa na gwanaye, ku kuna wani gefen kuna koyon yadda ake tsayuwa, ba za ku sake ganin juna ba sai magariba. In haka ne me ya yi zafi, ai da kowa ya yi tafiyarsa daban.

Na taɓa shiga irin wannan. Shekarun baya muka je wani wuri mu shida, wanda ya fi mu iyawa shi ya zaɓa, kwana na biyu ya ce mu biyo shi wai hanyar mai sauƙi ce. Muka hau kujerar nan mai tafiya a jikin igiya, muna sauka na leƙa ƙasa na ga gangare kamar bangon rijiya, gwiwoyina suka hau rawa, ƙarshe dai cire katakon zamiyar da ke ƙafata na yi na rungume shi na dinga saukowa da mazaunai, dusar ƙanƙara ta cika min wando, yaran Turawa ƴan shekara biyar suna wuce ni fiu fiu suna waiwayena. Ba mugunta ya yi ba, shi gwani mantawa yake da yadda tsoro yake. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida ɗaya: wanda ya fi kowa rauni a tafiyar shi ake zaɓar wa wuri, sannan a duba ko gwanin zai samu abin yi a nan. Gwani ko'ina ka kai shi zai nemi hanyarsa, amma ɗan koyo in ya tsorata a rana ta biyu shikenan ya koma ɗaki, kuɗin sati guda ya tafi a banza.

Toh ta yaya za ki gane wurin? Ki buɗe taswirar hanyoyin wurin a intanet, duk suna da ita. A Faransa launi huɗu ne: kore na ƴan koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda hannunsu ya faɗa, baƙi na gwanaye. A Ostiriya da Suwizalan da Italiya galibi babu kore, daga shuɗi ake farawa, shi ya sa wani shuɗin can zai iya ba sabon shiga mamaki. Kar ki tsaya kallon yawan kilomita da suke tallatawa, wai 600 wai 400, ke da za ki yi kwana uku a kan gangare ɗaya ina ruwanki da 600. Abin da za ki duba shi ne, koren nan a ina yake? Yana bakin gari ne ko sai an yi tafiya? Kuma hanyoyin ja da baƙi in an sauko, suna ƙarewa a wuri ɗaya da na kore? In eh, to kun samu, domin kowa zai yi safiyarsa daidai ƙarfinsa a haɗu da azahar a ci abinci tare a yi dariyar wanda ya fi faɗuwa, kuma wannan haɗuwar ai ita kuka je nema.

In ni ce ke, Alpe d'Huez da ke Faransa zan fara dubawa. Garin yana kan tsayin mita 1,860, kuma daidai saman gari akwai wani faffaɗan fili mai kwanciya cike da hanyoyin kore, ɗan koyo zai sake ya wala. Shi kuma ƙanin maigida sai ya hau can ƙololuwar Pic Blanc, mita 3,330, ya sauko ta Sarenne, baƙar hanya ce mai tsawon kilomita 16, in ya yi ta sau biyu da kansa zai nemi wurin zama. Tunda a Grenoble ya zauna ma ya san wurin, ba nisa. Gangaren yana fuskantar kudu saboda haka akwai rana sosai, abin da zai yi wa Hajiya daɗi kenan. Aibinsa ɗaya da zan faɗa miki tun yanzu: hanyar motar da ke hawa garin lanƙwasa 21 gare ta, ita ce wadda masu tseren keke na Tour de France suke hawa, duk yaron da mota ke juya wa ciki a tanadar masa leda.

Na biyu La Plagne. Shuɗin hanyoyi ne birjik, masu faɗi, su mutum biyun nan da suka taɓa gwadawa nan za su fi kowa morewa, kuma tun 2003 aka haɗe ta da Les Arcs da wata ƙatuwar motar igiya mai hawa biyu, jimilla kilomita 425, gwani ba zai yi ƙorafi ba. Sai dai La Plagne ba gari ɗaya ba ce, ƙauyuka ne da dama a tsayi daban daban, in kuka yi sakaci wasu suka kama ɗaki a wannan ƙauyen wasu a wancan an koma gidan jiya. Ku kama gida ɗaya, ko aƙalla ƙauye ɗaya.

Akwai kuma Morzine da Avoriaz, sun fi kusa da filin jirgin Geneva, kamar awa ɗaya da rabi a mota. Morzine gari ne sosai mai shaguna da wurin zagayawa ga wanda ba ya wasan, amma tana ƙasa, wajen mita 1,000, in shekarar ba ta yi sanyi ba za ki iya tarar da ciyawa da taɓo a ƙasan dutse. Avoriaz tana samanta a mita 1,800, mota ba ta yawo a ciki, daga ƙofar gida ake zamewa.

Irin su Val Thorens kuwa, ƙanƙara kam ba a magana tunda mita 2,300 ne, amma ban so a kai dattijuwa ta kwana sati guda a wannan tsayin, iska ta yi ƙaranci, ga ciwon kai ga rashin barci. In Hajiya na da hawan jini ko ciwon zuciya a ji ta bakin likita tukun ko ina ne za a je. Kuma abin da kamfanonin yawon Turawa ba za su tuna su tambaye ku ba amma mu ya shafe mu: akwai mai sikila a cikinku? Tsananin sanyi da tsayin dutse da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon, wannan ba abin wasa ba ne, lallai likita ya sani kafin a yanki tikiti.

Ita Hajiya kar a bar ta a ɗaki da talabijin ɗin Faransanci. Ana sayar da tikitin masu tafiya a ƙafa, ta shiga motar igiya mai rufi ta hau sama ta sha shayi tana kallon jikoki suna tuntsurawa. A saya mata takalmi mai kama ƙasa, santsin bakin titi ya fi kayar da tsofaffi.

Masauki, ku nemi gida mai kicin wanda yake jikin gangaren, ko da ya ɗan fi tsada. Ba ki san wahala ba sai kin yi tafiyar minti goma sha biyar cikin takalmin nan mai kama da an ɗaure ƙafa da siminti, kina ɗauke da katakonki da na yaro, shi kuma yana kuka zai yi fitsari. In gidan na kusa kuwa da azahar sai a shigo a yi alwala da ruwan ɗumi a yi sallah a koma. Kicin ɗin kuma saboda abinci ne, domin girkin mutanen dutsen nan akwai alade a ciki sosai, tartiflette da yankakken naman alade ake yinta, raclette da busasshen nama ake kawo ta, fondue ɗin cuku kuma da giya ake narka shi. Ki zuba yajinki da daddawa da kuka a jaka, a tsaya a babban gari a ƙasa a sayi naman halal da shinkafa kafin a hau, can sama komai tsada.

Koyo kuwa a biya malami, kar a ce ƙanin maigida zai koyar, zumunci zai ɓaci. Makarantar ESF masu jajayen riguna suna kusan kowane wuri a Faransa, akwai wasu makarantun ma, ki dai tabbatar malamin yana jin Turanci kuma a kama gurbi da wuri. Tunda kuna Birmingham, Tamworth na nan kusa da ku akwai SnowDome, ƙanƙara ce ta gaske a cikin gini, ku je sau biyu ku saba da takalmin. Ƴan koyo kar su sayi babban tikitin duka dutsen a ranar farko, a tambayi ƙaramin na ƴan koyo. Inshora kuma a karanta a ga an rubuta wasannin hunturu a ciki, domin a Faransa in aka ɗauko mutum daga kan gangare biya ake yi.

Lokaci: tsakiyar Fabrairu hutun makarantun Ingila da na Faransa suna haɗuwa, ga tsada ga layi. Janairu bayan sabuwar shekara ya fi arha sai dai sanyi, Maris ya fi rana. Ki duba kalanda kuma, azumi a shekarun nan cikin hunturu yake faɗowa.

TAMBAYA

Anti mu daga Abuja za mu taso, mu bakwai, kuma wahalar bizar Schengen ta ishe mu. Akwai wani wurin?

Wani mai karatu, Abuja

AMSA

Akwai malam, Turkiyya. Ita ma da bizarta amma daban take da Schengen. Dubi Erciyes, dutse ne mai tsayin mita 3,917 a gefen birnin Kayseri, kamar kilomita 25 daga gari, daga Istanbul sai ku hau jirgin cikin gida. Hanyoyinsa a haɗe suke kuma akwai masu sauƙi da masu wuya, abinci ba sai kun yi ta tambayar me aka sa a ciki ba, masallaci kuma ba nema za ku yi ba. Wanda ya gaji da faɗuwa sai ya ɗauki mota ya tafi Kapadokiya kallon balan-balan, awa ɗaya da wani abu ne. Uludağ da ke saman Bursa ta fi kusa da Istanbul amma ranakun Asabar da Lahadi cika take yi maƙil, in can za ku je ku shiga ranar Litinin.