Tace Bayanan Awo: Yaushe Ne Gyara, Yaushe Ne Maguɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a sashen injiniyancin lantarki. Aikina na kammala karatu shi ne na'urar da za ta riƙa auna ruwan tankin da ke kan rufin gida, ta kashe injin turo ruwa idan ya cika. Na haɗa Arduino Uno, 'yar ƙaramar kwamfutar da ake sarrafa na'urori da ita, da HC-SR04, na'urar auna nisa, amma lambobin nisan ruwan a santimita tsalle suke yi: sai in ga 82, 83, 82, sai kwatsam 400, sannan 83. Malamin da ke duba aikina ya ce in tace bayanan. Abokina kuma ya ce in zuba su a Excel in goge waɗanda suka kauce. Zuciyata ba ta kwanta ba. Shin tacewar nan ba maguɗi ba ce? In ba maguɗi ba ce, wace hanya masu bincike suke bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗi da zuciyarka ta ƙi kwanciya, domin abin da abokinka ya ce da abin da malaminka ya ce ba ɗaya ba ne, ko da yake daga nesa sun yi kama. Wanda ya zauna gaban Excel yana goge duk lambar da ta ɓata masa zane ya riga ya yanke abin da yake so ya gani, yana tilasta wa awon ya yarda da shi ne kawai. Wannan maguɗi ne. Mai tacewa kuwa ƙa'ida yake kafawa, ya rubuta ta tare da dalilinta, ya bi da kowace lamba ta cikinta ba sani ba sabo, sannan ya adana ɗanyen awon yadda duk mai shakka zai iya dawowa ya duba. Mai tankaɗen gari ta san abin da za ta tuƙa kafin ta zaɓi rariya, kuma tsakin da ya rage ba ta watsar da shi.

To kafin ka zaɓi taka rariyar, sai ka san irin dattin da ke cikin garinka. HC-SR04 sauti take aikawa, mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo daga saman ruwa, sai Arduino ya lissafa nisa daga lokacin da tafiyar ta ɗauka. Lokacin da ruwa yake zubowa cikin tanki samansa ba a kwance yake ba. Wani sa'in sautin ya bugi gefen igiyar ruwa ya karkace bai dawo ba, sai ka ga 400, wato iyakar santimitar da na'urar ke iya aunawa, ko ka ga sifili, ya danganta da yadda ka rubuta umarninka, wato manhajar da ka ɗora wa Arduino. Wani sa'in ya bugi bututu ya dawo da wuri, lambar ta yi ƙasa. Wannan shi ne datti na farko, irin tsakuwa a shinkafa: ba shi da yawa, amma ƙwaya ɗaya ta isa ta karya haƙori. Na biyu shi ne 'yar rawar nan ta 82, 83, 81, wadda ba ta rabuwa da kowane awo. Maganinsu daban ne, kuma a nan ɗalibai da yawa suke faɗawa rami.

Ɗauki lambobinka biyar ɗin nan. Idan ka tara su ka raba biyar, za ka samu 146. Ruwan bai taɓa zama a 146 ba, lamba ɗaya ta ja sauran huɗun ta kai su inda babu gaskiya. Yanzu jera su daga ƙarama zuwa babba: 82, 82, 83, 83, 400, ka ɗauki ta tsakiyar layin. Ka samu 83. Ko da ɓatacciyar ta kai 4,000, ta tsakiya tana nan a 83. Wannan ita ce matatar tsakiyar layi, wadda masanin ƙididdiga ɗan Amurka John Tukey ya yaɗa a shekarun 1970, kuma da ita ake share ɗige-ɗigen baƙi da fari daga hotunan kwamfuta ba tare da gefen abubuwan da ke cikin hoton ya dushe ba. Ita za ka fara sa wa. Ka riƙa barin aƙalla daƙiƙa 0.06 tsakanin awo da awo, kamar yadda takardar na'urar ta ba da shawara, don kada kuwwar baya ta shigo cikin awon gaba.

Bayan tsakuwa ta fita sai a koma kan rawar. A nan matsakaici yake da amfani: duk sabon awo ka haɗa shi da wasu na baya ka raba, rawar sama da ta ƙasa su cinye juna. Sai dai yana da farashi, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau: duk matatar da ta lafar da lambobi tana jawo jinkiri. In kana awo sau ɗaya a daƙiƙa, ka ɗauki matsakaicin guda 21, abin da allonka zai nuna shi ne inda ruwan yake daƙiƙa 10 da suka wuce. Zanen zai fito sumul, kowa ya yaba, ruwa kuwa yana malala ta bango kafin injin ya mutu. Ga tankin gida, awo biyar zuwa tara sun wadatar. Kuma tunda ma'ajiyar aiki ta Uno kilobayit 2 ce kacal, kana iya bin gajeriyar hanya: sabon ƙiyasi ya zama kashi 80 cikin 100 na tsohon ƙiyasi da kashi 20 na sabon awo. Lamba ɗaya kawai za ka riƙe a ƙwaƙwalwar na'ura.

Akwai kuma ƙa'idar da hankali yake bayarwa. Tankin da zurfinsa santimita 150 ne ba zai ba da 400 ba, don haka ƙin karɓar duk abin da ya wuce zurfin tanki halal ne, muddin ka rubuta hakan. Amma da zarar ka ƙara da cewa ruwa ba ya sauka fiye da kaza a minti, don haka a watsar da duk awon da ya nuna haka, ka shiga wuri mai santsi. Ranar da bututu ya fashe, ruwan zai sauka da saurin da ka ce ba zai yiwu ba, na'urarka kuma ta kau da kai daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Wannan ya taɓa faruwa da manya. A watan Mayun 1985 wasu masana uku na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka wallafa a mujallar Nature cewa iskar ozon da ke kare duniya daga zafafan hasken rana ta ragu ƙwarai a saman tasharsu ta Halley da ke Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya. Daga ƙasa suka yi awon. Alhali tun 1978 tauraron ɗan adam na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai suna Nimbus-7 yake kewaya duniya yana auna wannan iskar. Manhajar da ke sarrafa bayanansa an tsara ta ne ta sa alamar shakka a kan duk lambar da ta yi ƙasa fiye da yadda ake zaton zai yiwu, don a ganin masu tsarin irin wannan lamba ta fi kama da kuskuren na'ura. Ga shi kuwa lambobin gaskiya ne. Abin da ya cece su shi ne ba a goge su ba, ware su aka yi. Da aka koma kansu sai hoton ya fito, rami mai faɗin nahiya guda. Shekara biyu bayan nan, a 1987, ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal ta rage sinadaran da ke cin iskar. Saboda haka duk awon da matatarka ta ƙi, kada ya ɓace. Ka ƙirga su. In an ƙi guda goma a jere, na'urar ta daina cewa kuskure ne, ta kunna ƙararrawa.

Na san idan ka shiga intanet sunan da zai fi yi maka yawa shi ne matatar Kalman, kuma za ka ji kamar aikinka bai cika ba sai da ita. Rudolf Kalman, haifaffen Budapest a 1930 wanda ya yi karatu da aiki a Amurka, ya wallafa hanyar a 1960. Stanley Schmidt na cibiyar Ames ta NASA ya ga ta dace da matsalar da ke gabansu, ta sanin inda kumbo yake a hanyarsa ta zuwa wata, aka gyara ta aka sa a lissafin tafiyar kumbunan Apollo. Tunaninta ba shi da wuya. Kana da shaidu biyu, kowanne ba ka gama yarda da shi ba. Na farko hasashe: na san injina yana ƙara santimita 2 a minti, minti ɗaya da ya wuce nisan ruwa 84 ne, to yanzu ya kamata ya zama 82. Na biyu awo: na'ura ta ce 83. Matatar tana auna wanne ya fi ƙarancin shakka a wannan lokacin, ta fi karkata gare shi, ta fitar da ƙiyasi a tsakaninsu, sannan ta sabunta yawan shakkarta don zagaye na gaba. Da irin wannan lissafin na'urorin GPS suke daidaita matsayinka, jirage marasa matuƙa suke tsayawa cak a iska, motocin lantarki suke ƙiyasta cajin da ya rage a batir, abin da ba a iya aunawa kai tsaye.

A ra'ayina ba ka bukatarta a tankin nan. Ƙarfinta yana ga hasashen, kai kuwa ba ka san lokacin da za a buɗe famfo a banɗaki ba, kuma ƙarfin injin yana sauyawa da ƙarfin wuta. Ita kanta an gina ta kan zaton rawa ce 'yar ƙarama mai daidaito, in ka jefa mata 400 za ta bi ta, sai ka tsare ta da wata ƙa'idar. Na ga rahotannin ɗalibai da aka kwafo umarninta daga intanet da lambobin shakka waɗanda mai rahoton bai san daga ina suka fito ba, tambaya ɗaya a ranar kare aiki ta warware komai. Matatar da ke da sauƙi, wadda za ka iya bayaninta layi-layi, ta fi maka.

Wani reshe na tacewa yana aiki ne da saurin kaɗawa. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma wannan kaɗawar tana kutsawa cikin duk wayar awo da ke kusa. Na'urar auna bugun zuciya a asibiti tana da matatar da ke yanke wannan saurin kaɗai ta bar saura. A ranar 14 ga Satumban 2015, lokacin da tashoshin LIGO biyu masu auna girgizar sararin samaniya, a jihohin Washington da Louisiana na Amurka, suka ji girgizar da karon baƙaƙen ramuka biyu na sararin samaniya ya haifar, wato wuraren da ƙarfin jansu ya kai har haske ba ya iya kuɓuce musu, alamar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma tana binne cikin hayaniyar na'ura. Zanen da duniya ta gani an tace shi ne, an bar abin da ke kaɗawa tsakanin sau 35 da 350 a daƙiƙa, kuma sun faɗi haka ƙarara a ƙarƙashin zanen, suka saki bayanan ga kowa ya gwada da kansa. Ba wanda ya kira wannan maguɗi.

Saura datti na uku a tankinka, wanda ba ka ambata ba domin ba ya tsalle, kuma shi ya fi damuna. Saurin sauti a iska yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri na zafi. Da asubahin hunturu, a digiri 15, yana kusan mita 340 a daƙiƙa. Da ranar bazara, a digiri 40, ya kai 355, kuma iskar da ke cikin baƙin tankin roba a kan rufi tana iya wuce haka. In umarninka ya kafe a kan 343 kamar yadda aka saba kwafowa, nisan santimita 100 zai fito kusan 101 da asuba, ya koma 96 da rabi da rana, ruwan kuwa bai motsa ba. Babu matatar da za ta cire wannan, domin duk lambobin tare suke karkata, lafiya lau, babu wadda ta kauce. Sai ka ƙara 'yar na'urar auna zafi irin DS18B20 a cikin tankin, ka riƙa gyara saurin sautin a lissafi. Haka nan in ka lura tsallen yana yawaita daidai lokacin da injin ya tashi, matsalar ta waya ce: raba wutar Arduino da ta injin, ka nisanta wayoyinsu. HC-SR04 ma ba a yi ta don laima ba, tururin tanki yana iya lalata ta, irinta mai jure ruwa ita ce JSN-SR04T.

Ga abin da zan so ka yi a makon nan. Kashe injin, ka bar ruwan ya kwanta, ka auna nisansa da tef, sannan ka bar na'urar ta ɗauki awo 500 ba tacewa, da safe sau ɗaya, da rana sau ɗaya. Maimaita yayin da ruwa ke zuba. Daga nan za ka san faɗin rawar, da yawan ɓatattun lambobi cikin ɗari, da yadda zafi ke jan awon, sai ka zaɓi girman matatarka da hujja. A rahotonka ka ɗora ɗanyen awo da tacaccen a kan zane ɗaya da launi biyu, ka rubuta adadin da aka ƙi da dalilin ƙin su, da daƙiƙoƙin jinkirin da matatar ta jawo. Fayil ɗin ɗanyen awon kuma ka ajiye kwafinsa wuri biyu, ka tafi da ɗaya ranar kare aiki. Allah ya ba da sa'a.