Tambaya da Amsa: Gyaran Cikin Mota Domin Kwana a Hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, kuma ina da Toyota HiAce wadda nake kai iyalina Ɗa'if da Abha a cikinta lokacin hutun makaranta, har mukan kwana a ciki. Wane ƙaramin gyara zan yi mata ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ta farko ita ce duk abin da za ka ƙara ya zama wanda za a iya kwancewa a fitar, domin motar za ta je fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, kuma bai kamata a same ta ta saɓa wa abin da ke rubuce a istimara, wato takardar rajistar mota, ba.

Ka sa kafinta ya yi maka akwatunan katako guda biyu masu murfi, tsayinsu daidai da kujerun baya idan an kwantar da su, ta yadda da dare za a shimfiɗa katifar soso a kai, da rana kuma su ɗauke barguna da tukwane. Bargo kuwa kada a raina shi, don Abha tana kan tudun da ya haura mita 2,000, kuma sanyin asubarta yakan ba mutumin Jidda mamaki.

Ruwa shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, kuma a gangaren Hada da ke hanyar Ɗa'if, inda kwana ke bin kwana, birki ɗaya ya isa ya wurgo ta kan yara. A ajiye ta a ƙasa, a ɗaure da igiya mai ƙarfi, buta da dadduma kuma a rataye su kusa da ƙofa.

Ga tagogi, ka yanka abin tare rana mai ƙyalli daidai girman kowace, ka haɗa da labule saboda sutura, sannan ka sa raga a guda biyu domin iska ta ratsa ba tare da sauro ba. Fanka da fitila da ƙaramin firji a ba su batir na biyu, wanda mai gyaran wayoyin mota zai haɗa da fis, don kada a wayi gari mota ta ƙi tashi.

Girki kuwa a waje ake yin sa. Kada a kunna gawayi ko gas a cikin mota, ko da na shayi ne, domin iskar da suke fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba, kuma kada a bar tukunyar gas a rufaffiyar mota cikin rana.